Daga Goron Gwanja Zuwa Ƙwayar Kanti: Tarihin Sayen Ƙarfi a Ƙaura, Shinkafi da Zurmi

Duk wanda Allah Ya nufa ya taɓa cin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, a shekarun da hanya take lafiya, mutanen Isa da Sabon Birni da Zurmi da Ƙauran Namoda suna kwararowa tun da asuba, har da baƙi daga Maraɗi da Madawa, to ya ga wani abu da ido kan wuce a kansa hankali bai tsaya ba, wato yadda sana'o'i uku suke zaune dab da juna alhali hajarsu guda ce. Ga ɗan goro ya kwance huhu yana yayyafa ruwa, yana ware fari daga ja. Ga mai shimfiɗa ya baje saiwoyi da ɓawon itace da gari a ƙulle, lasifika tana faɗin abin da kowane ƙulli yake yi wa namiji. Ga kuma yaro da tire ko akwatin ƙanƙara, yana tallar ƙwayoyi masu launi da lemon gwangwanin da aka ce yana korar gajiya. Su ukun nan ƙarfi suke sayarwa, mai saye kuwa, ko manomi ne ko direba ko ɗan dako ko dattijon da ya yi sabon aure, tambaya ɗaya ce take kwance a ransa ko da bai furta ba: shin abin nan da nake sha yana tare mini tsufa, ko kuwa kiransa yake yi? Mas'ala ce da ta cancanci bahasi, kuma a ganina ba za a warware ta ba sai an koma an bi sawun goro, domin shi ne kakan wannan ciniki a ƙasar Hausa.

Ya kamata a fara sanin cewa buƙatar ba ta son zuciya ba ce kawai. Ƙasar da gulbin Gagare da na Bunsuru suke ratsawa ƙasa ce ta gero da dawa da fadama, daminarta gajeruwa, ba ta cika wuce wata 4 ba, kuma a cikin waɗannan 'yan watanni ake son magidanci ya yi shuka, ya yi noman farko, ya yi maimai, ya yi huɗa, a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tuwon dare ya koma kunu a gidaje da yawa. Aiki mafi nauyi yana faɗowa ne a sa'ar da abinci ya fi ƙaranci, saboda haka tun kaka da kakanni mutanen wannan yanki suke neman abin da zai cike giɓin da ke tsakanin ƙarfin da suke da shi da wanda gona take bukata. Makaɗin noma da gangarsa a wurin gayya yana cikin wannan nema, haka jiƙe-jiƙen da sarkin noma yake sha kafin ya duƙa, haka tsime-tsimen 'yan dambe da mafarauta da 'yan taurin da Kassu Zurmi ya yi suna wajen yi wa kiɗa. Malami ma da gardinsa, waɗanda suke son raya dare da tilawa da muɗala'a bayan sun wuni a gona, suna da tasu bukatar ta abin da zai riƙe ido a buɗe.

Goro ba ɗan ƙasar nan ba ne, bai kuwa taɓa yarda ya tsiro a cikinta ba. Ɗan kurmi ne mai son inuwa da laima. Tarihin Kano ya ambace shi a zamanin Sarauniya Amina, inda ya nuna cewa Sarkin Nupe ya aika mata da goro 10,000, ya kuma ambaci buɗuwar hanyar Gwanja a cikin ƙarni na 15. Daga nan har zuwa ƙarshen ƙarni na 19 ayarin fatake bai yanke ba tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, musamman kasuwar Salga, inda mutanen Asante suke kawo goro daga kurminsu, Hausawa kuma su kai kanwa da tufafi da fatu da dabbobi. Hanyar takan bi ta Jega da Yawuri, a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, a bi ta Jugu da Sansanin Mango da Yandi, tafiyar da takan cinye watanni kafin a je a dawo, ƙarƙashin madugu da jagaba da uban dawaki, ana biyan fito a bakin gulbi, ana biyan garama ga sarakunan hanya, ana kwana cikin tsoron 'yan fashi. Ƙabilu uku ne suka fi shahara da wannan fatauci, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗannan na ƙarshe kuwa cibiyarsu Gummi ce a nan ƙasar Zamfara, kamar yadda Paul Lovejoy ya tabbatar a littafinsa kan ayarin goro da aka buga a Zariya cikin 1980. Ashe ke nan Zamfara ba 'yar kallo ba ce a wannan al'amari, da hannunta aka ɗaure kayan.

Garuruwanmu uku kuwa sun samu rabonsu ne ta dalilin zamansu a kan turbar da ta haɗa Kano da Katsina da Sakkwato. Fulanin Alibawa na Zurmi suna cikin waɗanda suka amsa kiran Shehu Usmanu da wuri, kuma daga cikinsu ne aka samu Namoda, jarumin da ya halarci cin Alƙalawa a 1808, wanda Ƙaura take ɗauke da sunansa har yau. Da Sakkwato ta zama fadar Musulunci, sai manzanni da malamai da fatake suka riƙa zirga-zirga ta wannan yanki, kowannensu da ɗan goronsa a aljihu ko a taiki. Baturen nan Clapperton, wanda ya kira kansa Abdullahi, ya bi ta Zurmi a 1824 a tafiyarsa ta ganin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello; Barth kuma, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Zurmi da Badarawa da Isa a 1853. Shi wannan Barth, da ya zauna a Kano cikin 1851, ya ƙiyasta cewa goron da ke shiga birnin a shekara ya haura kayan jaki 500, kowane kaya in ya iso lafiya ana sayar da shi wajen wuri 200,000, ya kuma lura cewa jama'a sun riƙe shi kamar yadda mutanen ƙasarsa suka riƙe gahawa da shayi.

A nan nake son mai karatu ya dakata, domin wannan tsada ita ce mabuɗin zancen duka. Abin da aka ɗauko a bayan jaki tun daga Gwanja, ana kwance shi a hanya lokaci bayan lokaci ana sake masa ganyen fita, ana tsince wanda sankara ta kama don kada ya lalata 'yan'uwansa, ba abu ne da talaka zai cika baki da shi safe da yamma ba. Goro a wancan zamani na sarakuna ne da attajirai da manyan malamai, talaka kuwa sai ranar suna ko ɗaurin aure ko salla, ko in ya kai gaisuwa aka ɓara aka miƙa masa ɓari. Har harshenmu ya riƙe shaidar wannan daraja, tunda kyauta ma goro muke ce mata, muna cewa goron salla da goron albishir da goron gayyata, muna ƙirga shi da ƙwarya, wato 100, muna bambanta marsa da daushe, muna kuma kiran mugun ciwon nan mai wuyar magani da sunan cutar goro, wato sankara. Tsada ta zama mizani, ɗaci ya zama linzami, al'adar rabawa kuma ta sa ba a cika cinye ƙwaya guda a keɓe ba. Dattijon da ya shekara 50 yana cin goro a bisa wannan ƙa'ida bai ci abin da wani matashi a yau yake zuba wa cikinsa a shekara guda ba.

Malaman jihadi ba su bar wannan fage ga bokaye ba. Sarkin Musulmi Bello, wanda ya rasu a Wurno cikin 1837, ya wallafa risaloli da dama a kan ɗibbu, har da wadda ya keɓe ga ciwon basur. Malam Muhammadu Tukur kuma, almajirin Shehu da ya zauna a Matuzgi ta ƙasar Zamfara, ya yi littafin Mu'awanatul Ikhwan, wanda ya taɓo magungunan zaman iyali. Ilmin da suka gada daga hukama'un da, irin su Ibnu Sina mai littafin Alƙanun, wanda ya rasu a 1037, yana kallon rai kamar fitila: akwai zafi na asali da aka halicci mutum da shi, akwai kuma danshi na asali da yake matsayin mai, tsufa kuwa shi ne ƙafewar wannan danshi sannu a hankali har lagwani ya bushe. A bisa wannan ra'ayi, duk abin da ya ƙara wa wutar ruruwa fiye da kima yana rage kwanan man, don haka ɗabiban suka dage a kan i'itidali wajen ci da sha da barci da jima'i, suka tsoratar da israfi ko da a cikin halal ne. Sama da wannan duka akwai hadisin Usamatu ɗan Shariku da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya kwaɗaitar da neman magani ga kowace cuta, sannan ya togace tsufa. Malamin da ya san wannan yakan ba dattijo abin da zai gyara masa ciki ko ya sassauta masa sanyin gaɓɓai, amma kunya da tsoron Allah ba sa barinsa ya ce ga abin da zai mai da shi yaro.

Sai zamani ya juya. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, ikon Asante a kan Salga ya kwance. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salga kanta, fatake suka koma Kintampo da Karaki. Ba a jima ba aka gane cewa teku ta fi jaki sauri, 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata, Ba'agale da aka haifa a Bebeji cikin 1877, suka riƙa loda goro a jirgin ruwa daga Ankara ta Gwalkwas zuwa Ikko. Hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau kuwa ya tsaya a Ƙauran Namoda cikin 1929, ya mai da ita ƙarshen dogo, mashigar duk ƙasar da ke arewa da ita har cikin mulkin Faransa. A cikin waɗannan shekaru ne kuma Yarbawa suka rungumi shuka goron Gwanja a Agege da Shagamu da sauran garuruwansu, Hausawa suka kafa unguwannin Sabo suna saye suna ɗaurewa suna aikowa gida. Gyaɗa da auduga da fatu suna gangarawa, goro da gishiri da kananzir da atamfa suna haurowa, a sauke a tashar Ƙaura, jakuna da raƙuma, daga baya manyan motoci, su rarraba zuwa Shinkafi da Zurmi da Moriki da ƙauyukan da ke bayansu. Tafiyar watanni ta koma ta 'yan kwanaki, abin sarakuna ya shiga aljihun ɗan dako, kuma wannan alheri ne da ba mai musunsa, illa dai mizanin farko, wato tsada, a nan ya karye.

To mene ne a cikin goro da yake kawo wannan kuzari? Masana sun tabbatar da cewa sinadarin kafeyin ne, wanda yake cikin gahawa da shayi, a goro kuwa yana kai wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin busasshensa. Saboda shi ne ma wani mai harhaɗa magani a Atlanta ta Amurka, John Pemberton, ya sa goro a cikin abin shan da ya ƙirƙira a 1886, har sunan goro na wasu harsunan yammacin Afirka ya maƙale a Coca-Cola. Yadda kafeyin yake aiki abin lura ne ƙwarai. Tun daga sa'ar da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adinosin yake taruwa a ƙwaƙwalwarsa, shi ne manzon da yake sanar da shi cewa ya gaji, lokacin hutu ya yi. Kafeyin kuwa zuwa yake ya zauna a ƙofar da wannan manzo yake shiga, sai saƙon ya kasa isa. Gajiyar tana nan ba ta gusa ba, labarinta kawai aka tare. Kafeyin ba hatsi ba ne balle ya zama jini da tsoka, kuma rabin abin da aka sha yakan kai kimanin awa 5 yana yawo a jiki, shi ya sa goron la'asar yake iya cin rabon barcin dare. Ma'anar wannan a harshen kasuwa ita ce, ƙarfin da goro yake bayarwa rance ne daga na gobe, wanda barci da abinci ne kaɗai suke iya biyansa. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa baligi mai lafiya zai iya shan har miligiram 400 na kafeyin a wuni ba tare da fargaba ba, mai juna biyu kuwa kada ta wuce 200.

Da a kan goro aka tsaya, da zancen ya yi sauƙi. Amma hanyar da ta kawo goro mai araha ita ce ta kawo abin da ya fi shi kaifi, kuma bai da ɗacin da zai tsai da mai sha. Dattawa suna tuna ƙwayoyin hana barci da leburori da direbobi suka riƙa kira a-ji-garau. Daga baya aka ji labarin gadagi a bakin 'yan acaɓar Kano. Sannan tiramol ta shigo, maganin kashe zafin ciwo da aka fara sayarwa a Jamus cikin 1977, wanda yake dangin ofiyom ne, yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, yana kuma jawo jijjiga irin ta farfaɗiya in aka yawaita. Doka ta yarda da mai miligiram 50 da mai 100 bisa takardar likita, amma wadda ake fasa-ƙwaurinta tana kai 200 ko 225, matashi ya jefa a shayi ya shiga gona ya yi aikin mutum biyu, jijiyoyinsa suna kuka ba ya ji. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a farkon 2019 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 4.6 ne suka sha irin waɗannan magunguna ba don jinya ba a cikin shekara guda. Wanda ya zauna a arewacin Zamfara a shekarun nan ba ya bukatar a gaya masa cewa ƙwayar ba a gona kaɗai ta tsaya ba, ta shiga daji tare da masu bindiga.

Akwai kuma waɗanda ba a kallonsu da idon zargi, alhali ɓarnarsu a sha'anin tsufa ta fi bayyana. Haɗin da ake ƙulla wa manomi a kemis don ciwon jiki galibi yana ɗauke da magungunan kashe raɗaɗi biyu ko uku masu aiki iri ɗaya, waɗanda in aka lazimce su suna gurje bangon ciki, suna raunana ƙoda, suna ɗaga hawan jini. Ƙwayar nan da mata suke kira sha-ka-fashe, wadda a wasu lokuta dekzametazon ce, tana kumbura fuska har a zaci ƙiba ce da jin daɗi, amma wadda ta daɗe a kanta takan gamu da sirancewar fata, da raunin ƙashi, da ciwon suga, da yanar ido, wato dai alamomin tsufa ne cif, sun riske ta tana 'yar shekara 30. Wasu daga cikin garin maganin maza da ake ce wa na itace zalla, hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gwada irinsu suna samun an cakuɗa da sinadarin asibiti a ɓoye, wanda yake iya kayar da mai ciwon zuciya. Lemon gwangwanin kuzari kuwa, wanda ya bazu a duniya bayan fitowar Red Bull a ƙasar Ostiriya cikin 1987, gwangwani mai mililita 250 yana ɗauke da kafeyin miligiram 80 da suga wajen giram 27; goro ne dai ya dawo mana a wata riga, an cire masa ɗaci an maye da zaƙi. An kafa hukumar NDLEA a 1989, an kafa NAFDAC a 1993, amma kasuwannin ƙauye sun fi ma'aikatansu yawa nesa ba kusa ba.

Yanzu sai mu duba abin da masu tajriba suka samu game da ainihin tambayar. A 1908 wani Bajamushe, Max Rubner, ya kawo ra'ayin da ya yi kama da na fitilar hukama'u, cewa dabbar da jikinta yake ƙona abinci da sauri ita take saurin mutuwa. Amma aka zo aka ga tsuntsaye da jemagu sun rushe ƙa'idar, domin akwai ƙaramin jemage da aka tabbatar ya haura shekara 40, alhali ɓeran da ya fi shi nauyi ba ya wuce 3 ko 4. Aka kuma ga cewa mutanen da suke motsa jiki sun fi masu zaman kashe wando tsawon rai. Ashe jiki ya fi fitila daraja, tunda yana gyara kansa, yana ɗinke abin da aiki ya yaga, muddin an ba shi abinci da hutu. A 1956 Denham Harman ya zo da wani ra'ayin, cewa tsufa yana faruwa ne saboda wasu ɓurɓushin sinadari da suke cin jiki kamar yadda tsatsa take cin ƙarfe, sai kamfanoni suka yi caraf suka cika kantuna da bitamin masu kashe wannan tsatsa. Da aka zo gwaji na haƙiƙa sai zance ya sha bamban. A ƙasar Finland an bi mazaje mashaya taba 29,133, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna cewa waɗanda aka ba ƙwayar bita-karotin sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin 100. A Amurka an gwada bitamin E a kan mazaje sama da 35,000, a 2011 aka bayyana cewa ya ƙara musu haɗarin sankarar 'yar ƙwayar nan da ke ƙarƙashin mafitsara da kashi 17 cikin 100. A 2024 kuma wani nazari da ya bi mutane wajen 390,000 fiye da shekara 20 bai samu cewa masu shan haɗaɗɗen bitamin kullum sun fi sauran jama'a jinkirin mutuwa ba.

Gaskiya ne a 2023 an ba da rahoton cewa sinadarin taurin, wanda yake cikin lemon kuzari, ya ƙara wa ɓeraye kwana da kashi 10 zuwa 12 cikin 100, amma ɗan Adam ba ɓera ba ne, kuma ba a tabbatar da haka a kansa ba. Abin da ya fi daɗewa yana tsayawa a ɗakunan gwaji ma ya fi kusa da ragi a kan ƙari, domin tun 1935 Clive McCay ya nuna a Jami'ar Cornell cewa ɓerayen da aka taƙaita wa abinci, ba tare da an hana su abin da jiki yake bukata ba, sun fi 'yan'uwansu tsawon rai. Kuma Musulmin da ya san karantarwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da raba ciki kashi uku ba zai ji wannan baƙon labari ba.

Adalci ya wajabta a faɗi inda ƙarin yake da amfani, kada a zubar da tsaba tare da ƙaiƙayi. Mai juna biyu da aka ba ƙwayar ƙarin jini a asibiti, da yaron da aka ɗiga wa bitamin A, da gidan da yake cin gishiri mai aidin don kare maƙoƙo, duk waɗannan cike gurbi aka yi musu na abin da jikinsu ya rasa, kuma an ga rayukan da hakan ya ceta. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da ƙarancin abinci suke shanye jinin mutane, kasalar da take damun manomi sau da yawa rashin jini ce, ko ciwon suga, ko hawan jinin da bai san yana da shi ba, kuma babbar illar abin ƙarin kuzari a nan ita ce yana rufe bakin mai kai ƙara, cuta ta ci gaba da aikinta shekara da shekaru ba a bincika ba.

Hukuncin da na tsaya a kai, bayan bin wannan tarihi daga Salga har tashar Ƙaura, shi ne cewa har yau babu wani abin sha ko ƙwaya da aka tabbatar da hujja cewa yana jinkirta tsufan ɗan Adam; goro da shayi da gahawa a bisa kima ba a same su da laifin gaggauta shi ba ga mai lafiya; amma tiramol da haɗin kemis da sha-ka-fashe da garin da ba a san abin da ke cikinsa ba suna jawo raunin da mutane suke gudu, suna kawo shi kafin lokacinsa. Ina faɗin haka zuciyata tana tare da mutanen wannan yanki, waɗanda rashin tsaro ya raba da gonakinsu, aka rufe musu kasuwannin mako da layukan waya a 2021, da yawansu suna kwana ido biyu suna jiran ƙarar babur, sannan gari ya waye su nemi abin da za su ciyar da iyali. Wanda yake cikin wannan hali in ya miƙa hannu ga ƙwaya, tausayi ya fi cancanta da shi a kan zargi.

Don haka nake roƙon iyayenmu sarakunan Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, da limaman Juma'a, da sarakunan kasuwa, da ɗaliban babbar makarantar fasaha ta tarayya da aka kafa a Ƙauran Namoda cikin 1983, su haɗa kai da ma'aikatan lafiya a kafa rumfa guda a kowace ranar kasuwa, kusa da layin 'yan goro, inda za a riƙa auna wa mutane hawan jini da suga da yawan jini a kan kuɗi kaɗan ko kyauta. Kai kuma ɗan'uwana mai karatu, in ka ga gajiyarka ta wuce mako 2 barci da abinci ba su kore ta ba, ka je a auna ka kafin ka sake kwance bakin aljihu a gaban mai tire.